Kazar Ta Taka

Duk wanda ya bi hanyar Bici zuwa Kunci, in ya zo kwanar Rijiyar Kanya, zai ga wata rumfar kwano a gindin darbejiya, da tsofaffin tayoyi jibge a gabanta. Mai facin da ke zama a wurin sunansa Zaharaddini, amma in ka tambaya da wannan suna sai an tsaya ana kallon-kallo. Ka ce Shirwa kawai, ko akuyar garin ta san shi. Dogo ne, ko a zaune ana ganin tsawonsa, ga tafin hannu kamar faifai. Ƙafarsa ta dama a gwiwa ta tsaya, sauran wandon a naɗe yake an soke shi da fil. Direbobi baƙi sukan ɗauka hatsarin babur ne, su yi masa jaje, shi kuma ya amsa musu ya ci gaba da aikinsa. Bai taɓa gyara wa kowa zancen ba.

A wannan yanki ba a san ƙasa ta zauna banza ba. Gona na jingine da gona, iyaka sai jerin aduwa ko gamba, kuma in ka matsa taku guda cikin ta maƙwabci sai an je gaban dagaci. Saboda haka garin bai taɓa mallakar filin ƙwallo ba. Aro ake yi. In an gama girbi an kwashe kara, sai samari su je su durƙusa wa wani mai gona a bakin gari, ya yi ta mita, sannan ya yarda. Su tone tushiya, su baje kunyoyi da fartanya, su kafa azara huɗu. Da ruwan farko ya sauka kuwa, wasa ya ƙare, mai gona ya karɓi abinsa. A irin wannan fili Zaharaddini ya koyi tsaron gida, ba takalmi, ba safar hannu, yana faɗuwa a kan ƙasar da ta fi dutse tauri.

Tsalle ne baiwarsa. In aka bugo kwana, 'yan wasa suka cunkushe a bakin raga suna ture-ture, sai kawai ka ga hannuwa biyu sun fito ta saman kawunansu sun ɗauke ƙwallon. Wani tsoho da ke kallo ya ce yaron nan ai shirwa ce a cikin 'yan tsaki, sunan kuma ya bi shi har yau.

A gida ba a yi murna da wannan suna ba. Mahaifinsa, Malam Basiru, maɗori ne, kuma ɗorin nan gado ne tun kaka da kakanni. Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya aikinsa. Daga Kunci, daga Tsanyawa, har daga Kazaure ana kawo masa masu karaya a bayan mota, su koma da ƙafafunsu. Yatsunsa suna jin ƙashi ta cikin tsoka, ya lalubo inda ya goce, ya ja, ya daidaita, ya shafa man shanu da tofi, ya jera tsagaggen kara ya ɗaure. Akwai kuma ka'idar gidan, wadda ba a tsallakewa. Duk wanda aka kawo da karaya, sai an kamo kaza an karya mata ƙafa, an ɗaure ta da irin karan da aka ɗaure mutumin. Ba a kwance ɗorin mutum, ba a ko leƙa shi, sai kazar ta taka. In ta taka, to shi ma ƙashinsa ya kama. Haka Malam Basiru ya gani a wurin ubansa, kuma ba ya son a tambaye shi dalili.

Zaharaddini ne ɗan fari, don haka uwa da uba ba sa kama sunansa. Uban yakan ce "kai" ko "yaron nan". Uwar, Inna Hure, ta fi tsanani wajen kawaici. Ba ta kiransa, ba ta yabonsa, in ana zancensa sai ta tashi ta shiga madafi. Amma Malam Basiru yakan kalli hannuwan yaron in suna cin tuwo, ya girgiza kai.

"Hannun ɗori ne wannan Allah Ya ba ka," in ji shi wata rana, "kai kuma ka kai shi kana cafe fata."

Zaharaddini ya sunkuyar da kai. Bai taɓa mayar wa ubansa magana ba, kuma wannan halin, da kowa ke yabo, shi ne ya zo ya ci shi.

Wanda ya fitar da shi daga gonakin aro shi ne Malam Abdulkabir, malamin motsa jiki a wata sakandare a Bici, mai wata 'yar ƙungiya da yake riƙe da ita da guminsa. Ya gan shi a wani wasan Sallah, ya bi shi har gida, ya sha zaman zaure kafin Malam Basiru ya ce to, ba don ransa ya so ba. A hannun wannan koci Zaharaddini ya fara sa takalmin ƙwallo, wanda ya matse shi har ya fi son ya cire. A nan ya koyi cewa gola ba tsalle kaɗai ba ne, akwai tsayuwa, akwai magana da 'yan baya, akwai sanin lokacin da za ka fito da lokacin da za ka haƙura. Shekarun da ya yi a Bici su ne shekarunsa na jin daɗi, kuma ba su da yawa. Sun buga a Dambatta, sun buga a Ungogo, sun shiga birni sun buga a kan ciyawa, inda ya faɗi ya ji ƙasa ba ta rama ba, ya tashi yana dariya. A Dambatta ya tare fenareti biyu a jere, 'yan kallo suka ɗauke shi a kafaɗa, alhali garinsu ya hana ci. Hotonsa ya yi ta yawo a wayoyin samari. Har Inna Hure an kai wa hoton, ta kau da kai ta ce ba ta gani sosai, amma ba ta mayar da wayar da wuri ba.

Daga nan wata babbar ƙungiya ta birni ta aiko a kawo shi gwaji bayan Sallah. Malam Abdulkabir ya zaunar da shi ya ja masa kunne.

"Daga yau har mu tafi, ban yarda ka taka ƙwallo a ƙauye ba. Ko bikin wa ake yi. Ka ji ni?"

"Na ji, Malam."

Ya ji ɗin. Sai dai a wannan bazarar Rijiyar Kanya ta kai wasan ƙarshe da Unguwar Dinya, maƙwabtansu, waɗanda suka daɗe suna yi musu gori. An sa rago da kofi. Samari suka yi ta sintiri a ƙofar gidansu, abokan da suka baje kunyoyi tare da shi tun suna yara. Wasa ɗaya tak, in ji su. Ko ka zama ɗan birni ne tun ba ka tafi ba? Wannan kalmar ce ta kama shi. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba, ko ga uba ko ga aboki.

Ranar wasan zafi ya kai zafi. Mai gonar ya riga ya fara kai taki, don damina ta kusa, sai da aka ture tsibin takin gefe aka share wurin sama-sama. Malam Abdulkabir ya ji labari a makare, ya taho a tsohuwar motarsa, ya iso ana tsakiyar zagaye na biyu, ya tsaya a bakin fili ransa a ɓace. A gabansa aka bugo kwanar. Zaharaddini ya tashi kamar yadda ya saba, ya kama ƙwallon a sama, babu wanda ya kai kafaɗarsa. Saukowar ce ta zo da ƙaddara. Ƙafarsa ta dama ta faɗa cikin ramin wata tushiya da aka tone ba a cike ba, ɗan wasan Unguwar Dinya kuma, da ya taho a guje, ya faɗo a kan ƙwaurin da dukkan nauyinsa. Waɗanda ke bayan raga sun ce sun ji ƙarar. Da aka janye mutane, sai ga ƙashi ya huda fata ya leƙo, ƙasa da taki sun manne a jikin ciwon. Ƙwallon na rungume a ƙirjinsa, sai da aka ɓamɓare yatsunsa aka karɓa.

Malam Abdulkabir ya kawo motarsa har bakin raga, ya buɗe ƙofar baya. Kafin a ɗaga yaron, sai taron ya dare, Malam Basiru ya shigo. Ya durƙusa, ya dubi ƙafar, ya taɓa sama da ƙasa.

"A kai shi gida," in ji shi.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji kocin. "Wannan ba irin wadda aka saba ba ce. Ƙashi ya fito waje, ƙazanta ta shiga. Sai an wanke, sai an yi allura. Ku bar ni in kai shi asibitin ƙashi a birni, yanzun nan."

"Malam, shekarunka nawa?"

"Ba zancen shekaru ba ne, Baba."

"Tun ba a haife ka ba nake mayar da irin wannan. Mutanen Kazaure su kawo mini nasu, ni kuma in ɗauki nawa in kai wa wasu? Gobe wa zai sake shigowa zaurena?"

Wani daga cikin taron ya ce ai asibiti ba su san komai ba sai yankewa. Wasu suka ce haka ne, suka fara lissafa waɗanda aka kai da ƙafa biyu suka dawo da ɗaya. Ba wanda ya tsaya ya tambayi a wane hali aka kai su. Kocin ya ga ba zai ci taron ba, sai ya durƙusa kusa da kan yaron.

"Zaharaddini, ƙafarka ce. Kai za ka faɗa."

Zaharaddini ya dubi motar, ƙofarta a buɗe. Ya san filin ciyawa, ya ga yadda ake ɗaukar ɗan wasa in ya ji rauni a birni, kuma a ransa motar yake so. Sai ya dubi ubansa, tsoho a durƙushe cikin taki a gaban garin gaba ɗaya, da mutanen Unguwar Dinya suna kallo.

"Abin da Baba ya ce," in ji shi.

A kan ƙyauren ƙofa aka ɗauke shi. Malam Basiru ya yi aikin da bai taɓa yi wa kowa irinsa ba, don a ganinsa ranar ce za a san ko shi wane ne. Ya wanke ciwon da ruwan ɗumi, maza huɗu suka danne yaron, ya ja ƙafar har ƙashin ya koma. Ya jera kara, ya ɗaure, ya ƙara ɗaurewa, don kada ƙafar ɗan ƙwallo ta kama a karkace. Aka kamo wata jar kaza ta Inna Hure, aka karya mata ƙafar dama, aka ɗaure, aka kife ta da kwando a ƙofar ɗakin.

Kwanakin farko ciwo ne irin wanda aka sani, kowa ya ce haka ɗori yake. Daga baya yatsun ƙafar suka kumbura, suka yi sanyi, launinsu ya fara sauyawa. Zazzaɓi ya rufe shi. Ya ce wa uban ɗaurin ya yi tsanani, uban ya ce ƙashi ne ke kamawa, ya ƙara tofi a kan karan. Malam Abdulkabir ya zo dubiya, aka tsayar da shi a zaure aka ce mai jiki na barci. Sai kuma ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, Zaharaddini ya daina jin ƙafar, gidan aka yi ta hamdala. Kazar ma ta fara dogara ƙafarta a ƙarƙashin kwando.

Inna Hure ce ta fara jin warin. Ita ke kai kunu ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta shiga, don uwa ba ta zama a kan ɗan fari tana nuna damuwa, sai a ce ba ta da kunya. Ta ji shi, ta san ko na mene ne, don ta taɓa jin irinsa a jikin tunkiyar da kura ta yaga. Ta koma madafi ta zauna. Tana so ta yi magana, amma da wane baki? Ta ce wa mijinta aikinsa ya ɓaci? A kan ɗan da ko sunansa ba ta kamawa? Ta yi ta aika ƙannensa su kunna turaren wuta a ɗakin. Wannan shirun nata ya ci kwanaki, kuma har ta koma ga Allah ba ta yafe wa kanta shi ba.

Ranar da ta ga ƙudaje sun yi baƙi a kan tsumman ɗorin, kawaici ya ƙare. Ta yafa mayafi da hantsi, ba ta nemi izinin kowa ba, ta fita titi ta hau mota zuwa Bici, matar da ba ta taɓa zuwa ko kasuwa ita kaɗai ba. Ta yi ta tambaya har aka kai ta makarantar. Ta tsaya a gaban kocin, a gaban ɗalibai, ta buɗe baki.

"Malam, ka zo ka ɗauki Zaharaddini. Zai mutu."

Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta.

Da suka iso, Malam Basiru ya tare ƙofar ɗakin, ya ce kazar ba ta gama takawa ba, ba a kwancewa. Inna Hure ta bi ta gefensa ta shiga, ta sa wuƙar yankan kuɓewa ta tsinke tsumman. Abin da aka gani ba sai an faɗa ba. Malam Basiru ya dube shi, ya juya, ya tafi zaure ya zauna. Bai hana a ɗauki yaron ba, bai kuma bi motar ba.

A asibiti likitan bai yi faɗa ba. Ya ce da an kawo shi a ranar, da aikin wanki ne da ƙarfe, amma yanzu zaɓi biyu ne, ƙafar ko ran. Abin da aka guda tun a filin, shi aka je aka tarar. Mutanen gari kuwa da labari ya iso musu, sai suka ce ai dama sun faɗa, asibiti ba su san komai ba sai yankewa.

Damina ta yi nisa lokacin da aka dawo da shi. Gero ya rufe gonar da aka yi wasan, ba ka ce an taɓa kafa raga a wurin ba. Ya shigo gida a kan sanduna biyu, yana koyon tafiya, sai ga jar kazar nan tana tsallaka tsakar gida da ƙafafunta biyu, tana tono abinta, ko ɗingishi babu. Ya tsaya yana kallonta. A ranar ce ya yi kukan da bai yi ba a fili, bai yi ba a asibiti.

Shi da uban ba su taɓa yin zancen ba. Zaharaddini yakan gaishe shi da safe, uban ya amsa yana kallon wani wuri. Malam Basiru bai taɓa sauke ido a kan naɗaɗɗen wandon ba. Masu karaya kuma ba su daina zuwa ba, don yawancinsu suna warkewa, kuma kowa ya ce abin da ya sami Shirwa ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, amma da hannun mutane ta zo. An so ya zauna a zaure ya karɓi gadon, tunda ga hannu ga zama ya same shi. A nan ne kawai a rayuwarsa ya ce a'a. Malam Abdulkabir ya haɗa shi da wani mai faci a Bici, ya koya, ya dawo ya kafa rumfarsa. Ya yi aure, yana da 'ya'ya. In samari suka kawo ƙwallo ta fashe yakan gyara musu, amma ba ya zuwa kallon wasansu.

Sau ɗaya aka ja shi gidan kallo. Kafin a fara wasan da aka zo gani, tashar ta nuno wani irin wasa na mutanen Ostareliya, ƙwallonsu kamar ƙwai, ƙarti suna taka bayan juna suna cafe ta a sama. Samari suka yi ta dariya, wani ya ce, "Shirwa, ai da can aka haife ka da ka yi sarki." Ya yi murmushi, ya kalli wani dogo ya tashi ya kama, ya sauko a kan ƙafafunsa biyu ya ruga. Ya lalubi sandunansa ya ce ya bar rumfa ba kowa.

A ƙarshen rayuwarsa Malam Basiru ya makance. Inna Hure ta riga shi tafiya, zauren ya yi shiru, sai Zaharaddini ne ke zuwa bayan la'asar ya zauna kusa da tabarmarsa. Wata rana, ana saura kaɗan ya rasu, tsohon ya ce, "Kai, matso."

Ya matsa. Tsohon ya miƙo hannu ya dafa cinyarsa ta dama. Yatsun nan da suka shekara suna bin ƙashi suka fara aikinsu, suna latsawa a hankali, suna gangarowa. Suka iso gwiwa, suka zagaya ta, suka wuce. Hannun ya ci gaba da tafiya a inda ƙwauri ya kamata ya kasance, yana lalube, har ya sauka a kan tabarma. Ya daɗe a wurin.

"Kazar ta taka fa," in ji tsohon. "Wallahi ta taka. Kowa ya gani."

Zaharaddini ya daɗe yana ajiye da amsar wannan magana, ya sha shirya ta a rumfa yana kankare tayar mutane. Ya dubi makahon tsohon, da hannunsa a yashe a kan tabarma. Ya ɗauki hannun ya mayar masa kan cinyarsa.

"Ta taka, Baba," in ji shi.

Da aka kira magariba ya jawo buta ya zuba wa tsohon ruwan alwala, sannan ya ɗauki sandunansa ya tafi rufe rumfa.